Gajimare a Kan Gidan Inna

Auta tana cikin buɗe sabon hoton da ya shigo, sai wayarta ta yi ƙara. Aikinta ke nan a ofishin, karanta hotunan tauraron ɗan'adam, wanda na'urarsa ke auna zafin ƙasa da hasken da take mayarwa sama. Inda ya yi ja rana ta gasa, inda ya yi shuɗi akwai sanyi. Yau kam ta bar yankin da aka ba ta, ta ja taswirar can nesa, garinsu, wanda rabonta da shi har ta daina lissafi.

"Kin gan ni?" in ji Inna, ko gaisuwa babu.

Auta ce da bakinta, cikin hira, ta ce mata tauraron zai wuce ta kan garinsu yau da hantsi.

"Inna, ba dai fita kika yi ba?"

"Tun da na karya nake tsakar gida. Yayanki sai faɗa yake, wai ƙafata za ta kumbura. Na ce ya bar ni, Autata na kallona. Har hannu na ɗaga miki, maƙwabta suna ta dariya."

Auta ta ƙura wa allon ido. Ko da sama ta yi garau, gidansu da na maƙwabta da bishiyar ƙofar gida duk ɗigo ɗaya ne a hoton. Yau ko ɗigon babu. Wani guntun gajimare ya zauna daidai kan unguwarsu, fari fat.

"Na gan ki, Inna."

"Allah? Na rame ko?"

"Ina fa! Kina nan yadda na bar ki."

Inna ta yi dariya har da tari. "To wane zani na ɗaura?"

Auta ta lumshe ido, ta hango ta kamar ranar da ta rako ta tasha.

"Mai ruwan ƙasan nan, mai ganye-ganye."



"Wannan ai ya daɗe da mutuwa, tsumma muka yi da shi," Inna ta ce a hankali. "Ba komai, 'yar nan, nisa ne. Ki faɗa mini ranar da zai sake wucewa, in matso bakin ƙofa inda ya fi haske."