Hijabin da Ya Narke

"Umma, wai hijaban nan da kike ɗinka wa mutane, da leda ake yin su?"

Uwani ce ta jefo mini tambayar daga bakin ƙofa, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba. Ina zaune a gaban keken ɗinki, Hajiya Rahma maƙwabciyarmu tana tsaye a kaina tana zaɓar hijaban da 'ya'yanta za su sa ranar saukar Islamiyya.

"Ke! Wace irin magana ce wannan a gaban mutane?" na ce.

Hajiya Rahma ta kwashe da dariya. "Ƙyale ta. Injiniya, leda kuma? To mu da muke ciki fiya wata ne ke nan?"

Ta zaɓi nata ta fita tana dariya. Sai da na juyo zan yi wa yarinyar faɗa na lura ba hijabin da na sallame ta da shi ba ne a jikinta, wani ɗan mayafin aro ne. Nata yana dunƙule a hammata, hannun hagu kuma ta ɓoye shi a baya.

"Miƙo hannun."

A wuyan hannunta akwai ƙuna, ja, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. Na warware hijabin na ga huji a gefensa, bakin hujin ya yi baƙi ya ƙandare kamar an ɗiga kwalta.

Uwani ita ce 'yata ta fari, shekararta sha biyu. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa muke sakaya sunan. A makarantarsu akwai malamar kimiyya, Malama Bintu, wadda ta samo ɗan tallafi daga wata ƙungiya don koya wa yara mata haɗa fitilar sola. Ranar Asabar suke zama a wani aji wajen Ƙofar Na'isa. Da Uwani ta kawo maganar, surukata Hajiya, kakarta mai sunan, ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa 'ya mace da wayar wuta ba. Abban Uwani ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da wani abu ya same ta, ranar ta daina. Ni ce na tsaya mata. Kuma da yake daga Kabara za ta riƙa tafiya a ƙasa tana ratsa majalisun samari, sai na zauna na ɗinka mata hijabi na musamman, har idon sawu, mai faɗi sosai, da yadin nan mai santsi da kowa yake yayi, wanda ba ya yamutsewa.

"Ƙarfen da muke narka dalma da shi ne," in ji Uwani. "Na miƙa hannu zan ɗauko waya, sai gefen hijabin ya sauka a kai. Bai kama da wuta ba, Umma. Tattarewa ya yi ya manne mini. Malama ta tsoma hannun a ruwa ta daɗe tana zuba mini."

Hajiya ta fito daga ɗakinta riƙe da man goge baki. "Kawo hannun, takwara, in shafa miki."

"Malama ta ce ruwa kawai, kada a shafa komai."

"Ji mini yarinya! Malamar da ta ƙona ki ce kuma za ta ba ni fatawar magani?"

Uwani ta janye hannun, ta zo ta durƙusa kusa da ni. "Umma, don Allah kada Abba ya hana ni. Saura ƙiris fitilata ta kama."

Gaskiya a lokacin ni ma rabin zuciyata tana bayan Hajiya.

Bayan la'asar Abbanta ya dawo daga kasuwa. Ya duba hannun, ya duba hijabin, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Mun yi magana tun farko. Shi ke nan."

Yana rufe baki aka yi sallama. Malama Bintu ce da kanta, ta biyo sawu. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, Abban Uwani ya tsaya daga bakin zaure suka gaisa. Ta ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce amanar yaran a hannunta take, kuma tun rana take tunanin ko ta cire aikin dalmar gaba ɗaya, duk da cewa in babu shi babu fitila.

"Na ja musu kunne a kan ƙarfen, Alhaji, na nuna musu inda ake ajiye shi. Ban kawo hijabi a raina ba, alhali ni ma irinsa ne a jikina."

"Ba komai, Malama, tsautsayi ne," ya ce. "Amma ta huta haka."

Sai Uwani ta ce, "Abba, in na nuna maka wani abu fa?"

"Me za ki nuna mini? Na ga hannu."

"Ranar nan ƙarfen ya taɓa zanen Bintu ƙarama, 'yar ajinmu, bai yi mata komai ba sai ɗan tabo. Nawa kuma ya narke. Malama ta ce in abu ya ba ka mamaki, kada ka tsaya gardama, ka gwada."

Hajiya ta taɓe baki. "Yau kuma a gidan nan za a buɗe makarantar?"

Bai ce e ba, amma bai fita ba. Ni kuma na san halinsa, don haka na miƙe na jawo kwandon ƙyallaye daga ƙarƙashin keke. Na ce mata, "Ke faɗa kawai za ki yi, ni zan riƙe. Wannan hannun ya isa haka."

Akwai sauran garwashi a kurfoti. Uwani ta sa aka kawo kwanon ruwa aka ajiye a gefe tukuna, ta sa na cire hijabina na ɗaura ɗankwali. Na kama doguwar ƙusa da awartaki na tura cikin garwashi har ta yi zafi. Muka jera ƙyallaye a kan bulo.

Na ɗora ƙusar a kan atamfa. Ta yi tabo ruwan ƙasa, ɗan hayaƙi ya tashi mai ƙaurin takarda. Na ɗora a kan farin yadin auduga mai kauri, shi ma haka. Da na zo kan guntun yadin hijabi kuwa, ban ma danna ba. Ya tsuke, ya nannaɗe, ya huje, wani baƙin abu ya biyo ƙusar yana ɗiga. Warin ya cika tsakar gidan, irin warin da ake ji in yara sun cinna wa bola wuta.

Uwani ta jira ya huce, ta ɗauki ɗigon ta miƙa wa Abbanta. Ya murza shi a yatsa, ya ƙi farfashewa.

"Ka gani, Abba? Roba ce aka ja ta zama zare."

Hajiya ta sunkuya ta kama gefen hijabin da yake jikinta, wanda ni na ɗinka mata da azumi, ta murza, ta dube ni.

"Wannan ma shi ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"Innalillahi. Da shi nake tsayawa a kan gas kullum in ɗumama shayi." Ta tuɓe shi a wurin ta jefa kan igiya. "Takwara, ashe da leda kuke naɗe ni a gidan nan ban sani ba?"

"Umma ce, ba ni ba."

Har Malama Bintu sai da ta yi dariya. Abban Uwani ya dubi igiyar shanya. Hijabai ne jere, nawa da na Hajiya da na Uwani, duk yadi ɗaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato ko na hana ta zuwa, abin yana nan a kicin."

Na ce, "Yana nan. Kuma da ba ta je ba, da ba mu sani ba."

Ya juya ɗigon a tafin hannunsa. "Ba za ta koma da wannan ba."

"Ba za ta koma da shi ba. Zan ɗinka mata na auduga, mai hannu, da roba a wuyan hannun yadda ba abin da zai yi lilo. Dogon ta sa a hanya, in ta shiga aji ta ninke."

"In na gani da idona, ta koma."

Uwani ta rufe fuska da lafiyayyen hannun.

Kafin Asabar na gama shi. Abbanta ya ja hannun hijabin, ya duba, ya ce Allah ya tsare. Malama Bintu ta ɗauki samfurin ta nuna wa masu tallafin, suka yarda a yi wa sauran yaran, ita ma ta sa na yi mata nata. Ƙunar ta warke, ta bar ɗan tabo da ba ka gani sai an nuna maka. Fitilar kuma ta kama. Tana rataye a saman kekena yanzu, murfinta na robar man shafawa ne, kuma duk wanda ya shigo sai Hajiya ta ce masa takwararta ce ta haɗa.

Har gobe ina ɗinka hijabin santsi, don shi mutane suke so, kuma ba shi da laifi a hanya ko a makaranta. Amma ba mai fita da shi daga ɗakina ban faɗa mata ba. Ke ma da kike karantawa ina faɗa miki: in 'yarki ta ce za ta koyi aikin waya ko na inji, ki bar ta ta je, amma ki duba abin da kika sa mata. Kada ki bari ta matsa kusa da ƙarfe mai zafi, ko gas, ko murhu, da yadin da yake narkewa. Auduga ma tana cin wuta in aka yi sakaci, sai dai ba ta manne wa fata. Ki je ki taɓa hijabin da yake kan igiyarki yau, kada ki jira sai an dawo miki da yarinya da hannu a ɓoye.