Ƙashi da Kashi

"A kwamfutata lafiya lau manhajar take aiki."

"Kwamfutarka ce ke sallamar marasa lafiya? Ka sake faɗa mini wannan maganar, Auta, wallahi sai na kwaɗa maka allon nan a ka."

Yaya ta wurga masa takardar a ƙirji. Sakamakon wani tsoho ne da ya faɗo daga tsani ya karye. An yi masa hoton ƙashi, ya zo karɓar bayani, firinta ta tofo masa cewa tsutsar ciki ke damunsa. Ɗan tsohon da ya rako mahaifinsa ya karanta a gaban jama'a, ya yi ta zuba ruwan masifa har Likita ya leƙo. Likita bai ja zance ba. Ya ce da Yaya idan ya sallami mutanen da ke kan benci zai dawo, in ta tabbata ita ta cakuɗa takardu, ta ajiye masa makullin ofis ta kama gabanta.

Ita ce kuwa ta kawo Auta asibitin. Ita ta yi ta yi wa Likita magiya ya bar ƙaninta ya rubuta musu manhajar ajiye sakamako, da Hausa, kowa ya karanta nasa da kansa. A gida har guɗa aka yi, ai zaman banza ya ƙare.

Auta ya ja kujera da ƙafa ya zauna. Ofishin kamar akurki, fanka na kaɗa warin magani. Ya rufe manhajar ya sake buɗewa. Ya zare wayar firinta ya hura ya mayar.

"Hura ta da kyau, ko za ta kama wuta."

"Yaya, ki bar ni in yi tunani."

"Da kana tunani ai da ba mu kai nan ba."

Ya buɗe inda manhajar ke rubuta kurakuranta: fayau, ko ɗigo babu. Ya ƙirƙiri majinyacin ƙarya, ya shigar masa da sakamako, ya buga. Daidai. Ya sake, daidai. Ya juya mata allon har da ɗage haɓa.

"Ga shi nan. Hannunki ne. Ke da kike danne-danne kina waya da mijinki."

"Ni? Tun kana fitsarin kwance nake riƙe da wannan ofis, ban taɓa ba wani takardar wani ba."

"To zo ki yi a gabana. Yadda kika saba, kar ki canza komai."

Ta ture shi da kafaɗa. Ta shigar da lambar majinyacin ƙaryar, ta zo gurbin irin gwaji, ta rubuta ƙashi. A hankali, da lanƙwasarsa, yadda aka koya mata a aji. Ta ajiye. Ta sake buɗe lambar, ta rubuta kashi, gwajin bayan gida, ta ajiye.

"Tsohon duka biyu aka yi masa," in ji ta. "Buga na ƙafar mu gani."

Firinta ta yi gurnani. Na bayan gida ya fito.

Auta ya janyo kwamfutar gabansa. Shi bai taɓa danna ƙ a gwajinsa ba, allon maɓallansa ma babu ita. Ya buɗe rubutun manhajar, ya gangara, ya tsaya. Layi ɗaya ne tak. Can baya manhajar ta riƙa mutuwa duk sanda aka ba ta harafi mai lanƙwasa, shi kuwa maimakon ya koya mata haruffan, sai ya sa ta aske musu lanƙwasar kafin ta raɗa wa fayil suna. Ƙashi ya koma kashi. Lamba ɗaya, suna ɗaya, na baya ya hau kan na farko ya shafe shi.

"Me ka gani?"

"Ba komai."

"Ƙarya kake. Na san wannan fuskar, ita kake yi in ka ƙona wa Mama tukunya."

Ya ciji leɓe. Haushin kansa yake ji, yana kuma jin haushinta. Kowa a waya kashi yake rubutawa a gane abin da yake nufi, sai ita sarkin iyayi. Gyaran ba ya da wuya. In ya goge layin yanzu ya koya mata haruffan, manhaja za ta miƙe garau, Likita ya gwada ya ga ba ta da aibu. Sai dai kuma aibun zai koma kan mai makulli. In ya bar layin ya nuna, shi ne zai naɗe wayoyinsa ya koma gida, a ce dama an faɗa.

Ya zaɓi layin, ya koma shuɗi. Yatsansa ya sauka kan maɓallin gogewa, bai danna ba.

"Auta, magana nake maka."

Ƙofa ta buɗe. Likita ya shigo yana goge hannu da tawul, ɗan tsohon na biye da shi, ya cika ya yi fam. Yaya ta miƙe, makullin na ƙara a hannunta. Likita ya dube ta, ya dubi ƙeyar Auta.

"To, ina saurare. Injin ne, ko mai dannawa?"