Ƙarar Ƙarfe a Bokiti

Oga ya san abin da ya yi. Mutumin da zai tura ka yasar masai ranar hutu ba tare da ya tambaye ka ko kana da uzuri ba, shi ne ranar nan ya tuna wai mu 'yan'uwa ne, wai sai abin da muka zaɓa. Ƙarya yake yi, tsoro ne kawai. Ya ga abin zai ɓata wa wasu rai, sai ya turo mana shi mu ci junanmu.

Mu masu gyaran famfo ne, mu bakwai a shagonsa. Kwangilar wani sabon bene ce ta matsa masa, masu ginin suka ce ba aiki sai ma'aikatansa na da inshorar lafiya. Mai inshora ya zo da jakarsa da ƙamshin turarensa, ya tsaya tsakanin bututai yana tattare ƙafar wando. Tsari biyu ya ce kuɗin Oga zai iya ɗauka, kuma ɗaya za a yi wa kowa. Na farko na ma'aikaci ne shi kaɗai, amma komai da komai, har tiyatar baya da ta gwiwa. Na biyu ya haɗa da mata da yara, magani da gado da ƙarin jini, amma babu babbar tiyata.

"Yaro mai sikila fa?" na tambaye shi.

"Na biyun ya ɗauke shi, Malam."

Wallahi ban ji sauran bayaninsa ba. Auta nake gani, 'yata ta ƙarshe. Idan ciwon ya tashi, ƙasusuwanta ne ke cizonta, ta danƙe min yatsa tana cewa Baba ka taka min ƙafar. Sau nawa muka riƙe ta a gida muna ɗura mata ruwa, muna cewa bari mu ga zuwa gobe, don mun san abin da ke jiranmu a tagar asibiti. Da yamma na gaya mata za a yi mata kati mai hotonta, ta miƙa kawai a duba ta. Uwarta ta harare ni.

"Ka bari a yi tukuna mana."

"An yi an gama," na ce. "Masu iyali sun fi yawa."

Na yi lissafina. Gwauraye biyu na shagon, waɗanda ba su san kuɗin ko sirinji ba, na farko za su bi. Baba Tsoho ma haka, gwiwoyinsa sun gama ci a ƙarƙashin sinki, 'ya'yansa kuma duk sun girma. Saura mu huɗu masu ƙananan yara, har da Dogo. Shi ko tambayarsa ban yi ba. Dogo abokin aikina ne, tare ake tura mu ko'ina. A kwano ɗaya muke ci. Auta Baba Dogo take ce masa, shi ya yi mata 'yar sarewa da guntun bututu. Na san bayansa na damunsa, ya sha tsayawa ya dafe ƙugu yana cije leɓe, shi ya sa duk kayan da za mu hau da shi bene ni ke ɗaukar ƙasa, inda nauyin yake. Bai taɓa roƙo ba, ban taɓa gori ba.

Washegari Auta ta sa sai da na kai ta wurin mai hoto. Ta ɗaura ɗankwalin yayarta, ta ƙi yin murmushi wai hoton kati ba a dariya.

Ranar zaɓe Oga ya fito da dabararsa. Wai kada a ga hannun kowa a yi gaba. Ya ba kowannenmu soket biyu, wato 'yar mahaɗar bututu, ɗaya na ƙarfe ɗaya na roba. Ƙarfe tsarin ma'aikaci, roba tsarin iyali. Ya rufe bokiti da buhu, kowa ya zura hannu ya saki ɗaya. Kai jama'a! Mutum ya shekara da shekaru yana sayar da kayan famfo, amma bai tuna bokitin na ƙarfe ba ne.

Gwauro na farko ya zura hannu. Ƙwal! Kowa ya gane a take, har Oga, na ga ya buɗe baki ya rufe. Na biyu ya saki nasa yana dariya, ƙwal. Baba Tsoho ko buhun bai damu da shi ba. Mu uku muka saki roba, tana faɗawa da 'yar ƙaramar ƙara kamar an yar da murfin jarka. Saura Dogo.

Ya daɗe da hannu a cikin buhun. Ya sunkuya sosai, shi da ba ya son sunkuyo, yana lallaɓawa ya ajiye abin a gindin bokiti ba tare da ya sake shi ba. Ƙarfe dai ƙarfe ne. Ya taɓa ɗan'uwansa, ya yi 'yar ƙara siririya, kuma duk mun ji.

"To, bari a ƙirga," in ji Oga.

"Ƙirga me?" na ce. "Kurame ka ɗauke mu?"

"Ka yi haƙuri, ra'ayin jama'a ne."

"Ra'ayin matsorata dai. Kai ka ɓuya bayan bokiti, wannan ya ɓuya bayan buhu."

Ɗaya gwauron ya ce ai ba shi ya haifa min yarinyar ba. Da Baba Tsoho bai riƙe min hannu ba, da sifanar da ke kan teburi ta gwada masa tsarin da ya zaɓa a ranar.

Aiki bai san fushi ba, da rana aka tura mu ni da Dogo mu hau da tankin ruwan zafi hawa na uku a sabon benen. Ko kallonsa ban yi ba a mota. Da muka sauke tankin a gindin matakala, ya kama sama kamar kullum, yana jira in kama ƙasa. Na tsaya na harɗe hannu.

"Sauko," na ce. "Yau kai ne a ƙasa."

"Haba, ɗan'uwa."

"Wane ɗan'uwa? Ai yanzu kowa jikinsa. Kai ka zaɓa. Bayanka na da inshora, ɗauka."

Ya zauna a kan matakala, siminti ya ɓata masa wando. Ya ce likita ya gaya masa tun bara, in ba a yi masa aiki ba wata rana ƙafafun za su daina ɗaukarsa. Ya ce da safe sai matarsa ta sa masa takalmi. Ya ce in ya kwanta, nasa yaran wa zai ci da su?

"Ka gaya min mana! Kana ci a kwanona kana kallon yarinyar nan, ka bar ni na kai ta hoto?"

"Kunya na ji."

"Ba ka ji kunyar sakin ƙarfen ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya yake faɗa, kuma gaskiyar tasa ba ta rage min komai ba. Na tsane shi a wurin, na tsani Oga, na tsani mai turaren nan da ya zo ya raba ciwo gida biyu ya ce mu ɗauki ɗaya. Na ture shi gefe na kama ƙasan tankin, don aikin sai an yi shi, kuma ba zan tsaya ina kallon mutum ya karye a gabana ba. Muka hau da shi. Da muka sauko na gaya wa Oga ya nema min wani abokin aiki, ya nema min.

A gida uwar yara ta gane tun daga yadda na ajiye jakar kayan aiki. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai cire hoton daga jikin madubi ta sa a ƙarƙashin kaya. Auta kuwa kullum sai ta tare ni a ƙofa tana tambayar katinta. Na ce ana bugawa. Na ce injinsu ya lalace. Na ce mai inshora ya yi tafiya.

Katunan suka iso. Nawa na aljihun rigar aiki, na manta da shi, Auta kuma ita ke zazzage min aljihu kafin a yi wanki. Ina wanke hannu a bakin famfo ta zo ta tsaya a bayana. Idanunta sun fara yin ruwan ɗorawa tun jiya, na san abin da ke tafe. Ta juya katin gaba da baya, ta leƙa aljihun ko akwai wani. Ta daɗe tana kallon hotona, ƙato da ni, mutumin da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba.

"Baba," ta ce, "kai ma ba ka da lafiya ne?"