Alamar da Radomil Bai Goge Ba

Mu 'yan ƙasar Cek in mun shiga daji ba ma tambayar kowa hanya, bishiya muke tambaya. Da ka ga fari a sama, ja a tsakiya, fari a ƙasa, girmansa bai wuce tafin hannu ba, sai ka bi kawai, ko da bakin rami ya nufa. Mutumin da zai yi wa likita gardama, ya yi wa magajin gari, ya dawo gida ya yi wa matarsa, ba ya yi wa wannan ɗan fentin musu. Radomil Hanak ya fi kowa sanin haka, don shekara arba'in da ɗaya ke nan yana shafa shi a jikin itatuwan kwazazzabon garinmu, kyauta, duk bayan shekara uku ya sabunta.

Wurare uku ne a saman kwazazzabon da ake tsayawa a leƙa kogi. Biyu tun kakanni ake zuwa. Na uku kuwa Radomil ne ya gano shi yana saurayi, wani shimfiɗaɗɗen dutse da ya yi goshi a kan ruwa. Daga baya shi ya sare masa hanya daga mararraba, ya yi mata alama ashirin da uku. Har a taswira an rubuta wa wurin wani suna, amma babu mai kiransa da shi. Barandar Radomil ake cewa, shi kuma in ya ji sai ya yi kamar bai ji ba, alhali kunnensa har motsi yake.

To bana sanyi ya buɗe wata 'yar tsaga da ke jikin dutsen. Masana suka zo suka auna, ƙungiyar masu yawon ƙafa ta aiko da takarda cewa a rufe hanyar, a goge alamominta duka. Suka ce za su turo matasa biyu su yi aikin, don tsohon ya ba saba'in da shida baya, gwiwarsa ta hagu kuma ƙarfe ce. Radomil ya mayar musu da amsa layi ɗaya: hannun da ya shafa shi zai goge.

Da yake doka ce ba a fita aikin alama mutum ɗaya, Blanka ce ta raka shi, 'yar ƙanwarsa, direbar bas mai shekara hamsin da biyu da baki kamar reza. Ranar Asabar da hantsi suka sauka a ƙaramar tashar jirgin ƙasa ta bakin kogi, ita da jakar gwangwanaye, shi da buroshi da makankara da sanda.

"Kawu, tun ba mu fara hawa ba kana haki. In ka faɗi a nan ni ba zan goya ka ba, na gaya maka."

"Wa ya roƙe ki? Ranar da na fara hawa nan uwarki ma ba ta san za ta haifi mai surutu ba."

"To ai shi ne, tun zamanin ne. Ba ni buroshin in riƙe maka."

"Riƙe bakinki dai."

Ya hau. Hanyar ta yi ta murɗewa tsakanin saiwoyi da duwatsu, gwiwar tana ƙara a kowane taki, bai tsaya ba sai a wurin leƙe na farko, nan ma wai don ya duba ko alamar wurin ta koɗe ne. A na biyu suka ci burodi da kitse da ɗanyar albasa. Can ƙasa kogin ya naɗe tsaunin kamar igiya, masu kwalekwale sun zama ƙwayoyin wake. Radomil bai kalle su ba, idonsa na gaba.

Mararraba tana gindin wata tsohuwar bishiya mai santsin ɓawo. Nan hanyar tasha ta haɗu da wadda ta gangaro daga Lesna, ƙauyen da ke kan tudu, nan kuma hanyar baranda ta ɓalle ta yi hagu. Suka wuce har ƙarshe, don aikin daga can zai faro.

Duk hanya Radomil yana ta mita cewa masanan nan yara ne, dutsen da ya ɗauki tsararraki ba zai kasa bana ba. Amma da suka isa sai ya nufi wajen tsagar. Tsagar da bara yatsa kaɗai ke shiga, yau ya zura sandarsa ta shige har mariƙi, iska mai sanyi tana busowa daga ciki. Gani ya kori ji. Ya zaro sandar, ya daɗe yana kallon goshin dutsen da ya zauna a kai ya fi sau dubu, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Buɗe fentin nan mai ruwan ƙasa," ya ce.

Goge alama ya fi shafa ta wuya. Sai ka kankare fentin a hankali kada ka ji wa bishiya rauni, sannan ka bi da ruwan ƙasa har wurin ya saje da ɓawo. Blanka tana riƙe gwangwani tana ƙirgawa, shi yana kankara. Ya san kowace: wannan ranar ruwan ƙanƙara ya yi ta, waccan rina suka harbe shi a gindinta.  Rana ta take tsaka suka dawo mararraba da ashirin da biyu a goge, har da wadda ke fuskar tsohuwar bishiya ta wajen masu hawowa daga tasha.

Saura ɗaya, a bayan bishiyar, mai kallon masu gangarowa daga Lesna. Ita ce ya fara shafawa a rayuwarsa.

"Je ki jawo busassun rassa ki tare bakin hanyar, ni zan ƙarasa wannan," ya ce da Blanka.

Ta tafi. Ya zagaya bayan bishiyar, ya ɗaga makankara, hannun ya tsaya. Zuciya kuwa ba ta rasa hujja in tana son abu. Ta ce masa ai guda ɗaya ce. Ta ce ai ga rassa an tare, ranar Litinin ma za a kafa allon gargaɗi, kuma wa ke bin alama ɗaya tilo? A bar ko ɗan wannan, don a san an taɓa yin wani abu a nan. Ya mayar da makankara aljihu.

"An gama?" Blanka ta tambaya daga nesa tana kaɗe hannu.

"An gama."

"Ashirin da uku ke nan. Sannu Kawu, ka yi ƙoƙari, ban zaci za ka iya ba."

Wannan yabon ya fi zaginta zafi, amma ya haɗiye.

Duk wanda ya hau kwazazzabon nan, a madafar giyar Ota yake sauka, tsohon gidan niƙa ne a bakin ruwa. Tun daga gada kake jin ƙanshin dafaffen sha'ir. Ota, ƙaton mutum mai jan gemu, bai bar su sun zauna ba sai da ya ja su ciki ya nuna musu sabuwar tukunyarsa ta jan ƙarfe, ya sa suka leƙa, ya sa suka shinshina, ya gangara da su ɗakin ƙasa mai sanyi inda giya ke yin mako shida kafin ta ga rana. Radomil yana ta gyaɗa kai, bai ji ko rabi ba.

A tsakar gida aka kawo miyar tafarnuwa. Ota da kansa ya sauko da kofin Radomil daga ƙugiyarsa, don tsofaffin gidan kowa da nasa, ya cika shi, kumfa yatsa uku, mai kauri kamar kindirmo.

"Yau kyauta ce, tsoho. Mutum ya binne ɗansa da hannunsa, ai a jiƙa masa maƙoshi."

Radomil ya kai hannu ke nan wasu mata da miji suka nemi wuri a teburinsu, matasa, fuska ta yi ja da rana. Mijin ya sauke wata 'yar jaririya daga abin goyo, matar ta ga fenti a hannun tsohon, ta washe baki.

"Baba, ku ne masu alama? Kai, sannunku da aiki! Daga Lesna muke. Wurin nan na uku, ban taɓa ganin irinsa ba. Duba."

Ta miƙo waya. Ga mijin a tsaye a kan goshin dutsen, can bayan tsagar, jaririyar a bayansa da 'yar hula rawaya, tana dariya da haƙora biyu.

Blanka ta ajiye cokali. "Ta ina kuka bi? An tare hanyar."

"Eh, mun ga rassa," in ji mijin. "Na ce mu koma, sai ita ta ce ga alama nan a jikin bishiya, ja sarai. Muka ce to iska ce ta kayar da su, har na ɗan janye su gefe saboda na baya. Akwai dai wani rami da muka tsallaka, amma tunda akwai alama ai lafiya."

Tunda akwai alama ai lafiya. Shekara arba'in da ɗaya Radomil yana aiki don mutane su riƙa faɗin wannan maganar, yau ga ta an faɗa masa, ta shige shi kamar wuƙa. Jaririyar ta miƙo hannu ta kama yatsansa mai ruwan ƙasa. Kunya ta rufe shi, da tsoro wanda ya zo a makare.

Blanka ba ta ɗaga murya ba, abin da ya nuna ranta ya ɓaci da gaske. "Kawu. Ashirin da uku na ƙirga."

"Ashirin da biyu ne. Ƙarya na yi miki."

Ya dubi agogo. Uku da rabi. Jirgin ƙarfe huɗu zai sauke masu yawon yamma a Lesna, kafin biyar suna mararraba. Ya ture kofin, ya dafa tebur ya miƙe.

"Kai tsoho, ina za ka?" in ji Ota. "Ko kurɓa ba ka yi ba! A gidan nan ba a taɓa barin kumfa ta mutu a kofi ba."

"Yau an fara."

"Zauna," Blanka ta ce, ta riga ta rataya jaka. "Ni zan je. Minti arba'in na isa, in goge, in dawo. Ƙafar nan ba za ta kai ka sau biyu a rana ɗaya ba."

"Ki je ki tsaya a bakin hanyar ki tare mutane, wannan kam ƙafarki ta fi tawa. Amma kada ki taɓa bishiyar."

"Har yanzu taurin kan ne?"

"Ba shi ba ne. In ke kika goge, ni har in mutu ban goge ba."

Ta kalle shi, ta zaro buroshi daga jaka ta danƙa masa, ta wuce da sauri.

Hawan farko da girman kai ya yi shi, na biyu kuwa babu abin da ya rage masa sai nufi. Gwiwar ta kumbura tun kafin wurin leƙe na farko. Ya koma taki ashirin, hutu, taki ashirin. Da hakan ya gagara ya koma bin alamominsa, daga wannan ja zuwa wancan, don shi ya jera su yadda in kana gindin ɗaya kana hango ta gaba. Bai taɓa sanin amfanin hakan a jikinsa ba sai yau. A wani hawa mai santsi ya zame, ya ɗaye tafin hannu, ya tashi da rarrafe. Duk lokacin da ƙafar ta ce a zauna, 'yar hular nan rawaya sai ta faɗo masa a rai, ya ƙara taki.

Biyar ta wuce da kwata ya ɓullo mararraba, rigarsa sharkaf. Blanka na tsaye a bakin hanyar baranda, hannu a ƙugu, gabanta mutum bakwai ko takwas da jakunkuna, wani dogo mai taswira yana ta nuna mata bishiya.

"Baiwar Allah, ga alama fa! Ke wace ce da za ki hana mu?"

Radomil ya nufi bishiyar kai tsaye. Ya ratsa su, ya zagaya bayan bishiyar, ya zaro makankara. Fentin ya yi kauri, shafi goma sha huɗu ne a kan juna, yana ɓantarewa yana zuba a kan takalminsa, ja da fari. Blanka ta matso ta buɗe gwangwani ta riƙe masa. Ya shafa ruwan ƙasa sau ɗaya, ya sake, ya ja da baya taki biyar zuwa inda mai zuwa daga Lesna zai tsaya, ya duba. Bishiya ce kawai.

"Ashirin da uku," in ji Blanka a hankali.

Dogon nan ya naɗe taswirarsa, ransa a ɓace. "To mu yanzu ta ina za mu bi zuwa Barandar Radomil? Saboda ita muka taso tun daga birni."

"Babu ita. Dutsen ya tsage. Ku bi jan nan da ya yi ƙasa, zai kai ku wuraren leƙe biyu, ya sauke ku gidan Ota."

"Wa ya ce babu ita?"

Tsohon ya goge buroshi a jikin wandonsa.

"Radomil," ya ce.