Sabar Ofis Ta Yi Nauyi

"Na danna, Malama, wallahi na danna! Suna guda nika rubutawa tun ɗazu, har yanzu harafin farko bai fito ba."

Hafiza ta matse wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta ce ya ƙara haƙuri. Malam Labbo ke magana daga ofishinsu na Tsafe, kuma kiransa na biyar ke nan tun safe. Tana iya jin hayaniyar mutane a bayansa.

Duk bayanan ƙungiyar manoman suna cikin saba guda, wata baƙar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburinta a Gusau. Ma'aikatan Tsafe da Bungudu ta intanet suke shiga cikinta, su ga allonta a kan nasu, su yi aiki kamar suna gabanta. Yau manoma ɗari biyu da sittin daga 'Yankuzo ake yi wa rajistar iri a Tsafe, mutanen da bara ba su samu zuwa gona ba saboda rashin tsaro. Ƙa'idar masu ba da tallafin kuwa ita ce, buhun da babu sunan mai shi a saba ba ya fita daga sito. Ruwa ya sauka shekaranjiya, ƙasa ta jiƙa. Suna talatin da ɗaya kacal suka shiga, ga shi sha ɗaya ta wuce.

Bello direba, mai kai irin Tsafe, ya leƙo ta ƙofa yana kaɗa makulli.

"Hajiya, ƙarfe biyu zan tashi, da kaya ko babu kaya. La'asar ba ta iske ni kan hanyar nan. In na tafi kuma sai wani mako."

"Na ji, Malam Bello."

Ta durƙusa ta taɓa jikin sabar. Da ɗumi, amma ba zafin da zai tsorata mutum ba, fanka na juyawa. Ta koma kujera ta buɗe jerin ayyukan da na'urar ke yi. Ƙwaƙwalwarta ko rabi ba ta cika ba. Ta fitar da mutum biyu da suka tashi jiya ba su rufe shafinsu ba, ta rage kyawun hoton da ake aika wa Tsafe har allon ya koma kamar tsohuwar talabijin. Ta kira Labbo.

"Yanzu fa?"

"Jiya i yau."

Ta sa shi ya canza layi, ya fita da kwamfutar bakin baranda ko sabis zai ƙaru. Duk a banza. Ta kashe sabar ta kunna, ta tsaya tana kaiwa da komowa tsakanin tebur da taga har ta gama tashi. Sha biyu da kwata. Sai ta kira Gambo a Bungudu, ya ce shi ma tun Litinin yake fama, ya ɗauka sabis ɗinsu ne ya yi shiru da bakinsa.

Tsafe da Bungudu a lokaci guda, kuma tun Litinin. To ashe ciwon a nan gida yake.

Ta gwada gudun intanet ɗin ofis. Abin da ke shigowa lafiya lau, abin da ke fita ne kamar an shaƙe masa wuya. Wani abu a cikin ginin nan yana tura kaya waje ba tsayawa. Ta bi wayoyin da ke bayan na'urar intanet da yatsa ɗaya bayan ɗaya: ta saba, ta firinta, ta akawu. Ta huɗun sabuwa ce ful, shuɗiya, ta bi gefen bango ta shige ƙarƙashin ƙofar ofishin shugaba.

Hafiza ta miƙe a hankali. Wayar kyamarorin tsaro huɗu ce da aka kafa ranar Asabar. Mako biyu da suka wuce wasu mutum biyu a kan babur suka zo suna tambayar Alhaji Bashiru, shugaban ƙungiyar, suka ƙi faɗin sunansu. Tun ranar bai sake taka ofis ba. Yana gida, yana kallon bakin get da farfajiya a wayarsa dare da rana, kuma ya aiko da saƙo cewa kada wanda ya taɓa kayan.

Ta kira shi, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A waje Bello ya tayar da mota ya bar ta tana ruri. Ta kalli agogo, ta kalli shuɗiyar wayar. Shekara uku tana aiki da Alhaji, ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, shi ne ma ya tsaya mata lokacin da kwamiti ya ce aikin namiji ne.

Ta yi bisimilla ta zare.

Ko minti biyu ba a yi ba Labbo ya kira yana dariya. "Mi kika yi mata? Ta zabura kamar an sa mata bulala!" Lambar da ke kan allonta ta fara hawa: arba'in, arba'in da biyar. Ta leƙa ta ce wa masu sito su fara lodi.

Sai ga kiran Alhaji.

"Hafiza! Lafiya? Hoto ya ɗauke mini gaba ɗaya. Su ne? Kuna ina?"



"Lafiya lau, Baba. Ni na cire." Ta yi masa bayani a gurguje: kyamarorin ne suka cinye hanya, ga mutanen 'Yankuzo a tsaye, ga Bello zai tashi ƙarfe biyu. "In ka ce in mayar, sai in mayar."



"Saura mutum nawa?"

"Ɗari biyu da ɗan wani abu."

Ya ja dogon numfashi. "Bar shi a cire. Amma kada ki kashe wayar. Je ki taga ki gaya mini wa ke bakin get."

Ta ja kujera zuwa taga, ta juyo da allon yadda za ta riƙa ganin lambar.

"Maigadi ne a kan benci, yana alwala. Sai mai rake."

"Wane mai rake?"

"Na kullum, Baba. Mai jar hula."

"To," in ji shi. "Sai kuma wa?"