Wandon Sule Yana Ruwa

"Inna, wannan mutumin da ke zuwa cin tuwonmu, ɗan gidan wa ne?" in ji Talatu, tana nuna ubanta.

Asibi ta kusa ƙwarewa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, mijinta Sule bai ajiye gammo ba. Kullum yana dakon gyaɗa daga Jakara zuwa kantin Turawa, har wuyansa ya fara sanƙarewa. Ta yi masa maganar hutu har ta gaji.

Ranar Juma'a da safe ya shiga wanka. Asibi ta kwashe wandunansa, har wanda ya rataye bakin makewayi, ta jiƙa a kwatarniya.

"Ke! Ina wandona?"

"Yana ruwa, Malam."

"Ɗayan fa?"

"Ya bi ɗan'uwansa."

Haka Sule ya zauna ɗaure da zanen matarsa, yana hararar igiyar shanya. Talatu ta matso, ta leƙa fuskarsa, ta hau cinyarsa. Kafin hantsi duk sun yi barci. Asibi ta riƙa yayyafa wa wandunan ruwa, sai dab da masallaci ta bari suka bushe.

Kai da ba ka san ranar hutu ba, ka kula da inda kake rataye wandonka.