Mai Kaya Zai Biyo Baya

Katan shida na littattafai sun tare rabin ɗakin, Zainulabideen kuma ya tare ragowar, kwance a katifa, ƙafafunsa a kumbure kamar an hura su. Shekararsa takwas a Alƙahira yana karatun fiƙihu da tallafin jiharsu, kuma tun kafin azumi ya ɗaure kayansa don komawa gida. Likita ya gaya wa Shafa'atu, matar Zainulabideen, gaskiya a bakin ƙofa: ƙodar ta gama aiki, in akwai wanda yake son gani, a hanzarta. Akwai kuwa. Innarsa ce, tsohuwar da kullum sai ta sa an kira mata shi a waya ta tambayi ranar zuwansa.

Tikitin komawa haƙƙin kowane ɗalibi ne, daga asusun sufuri na jiha ake fitar da shi tun fil azal. Shi ya sa Shafa'atu ta hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, daga unguwarsu Abbasiya zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, da ƙarfin gwiwarta, ta haye bene hawa huɗu zuwa ofishin Malam Habila, jami'in da jihar ta ajiye don kula da ɗalibanta.

Habila mutumin kirki ne, abin da ya ƙara wa lamarin ciwo ke nan. Da mugu ne, da ta sami wanda za ta tsine wa. Ya ba ta kujera, ya juyo mata da fanka, sannan ya turo mata takarda.

"Ma'alish, yi haƙuri, Malama. Majalisar jiha ta yi sabuwar doka. Kuɗin sufuri yanzu na tituna ne da gadoji. An hana saya wa kowa tikitin jirgi."

"Ko mara lafiya?"

"Ko ni."

Ba a banza aka yi dokar ba, kowa ya sani. Shekara da shekaru manya na zuwa Umara da iyalansu da 'yan rakiya a kan asusun nan, alhali titin garin su Zainulabideen ramuka sun cinye shi. Sai dai manyan sun sami wata ƙofar, ɗalibai ne suka tarar da wannan a kulle.

Shafa'atu ta bi layukan da yatsa, ta tsaya a sashe na bakwai. "Ga shi nan an ce jigila daga ƙasar waje. Ai an yarda."

"Jigilar kaya," in ji Habila. "Littattafan ɗalibai da makamantansu." Ya cire tabarau ya ajiye. "Gara ki ji daga bakina. Na kira manyanmu na jiha, na roƙa. Sun ce in Allah Ya yi ikonSa, za a iya kai shi. A takardar jirgi, gawa kaya ce."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ba ta yi kuka ba sai a cikin metro, inda babu wanda ya san ta.

Ta yi niyyar ɓoye wa mijin, amma mutumin da ya karanci fuskarta shekara tara ba a iya ɓoye masa komai. Da ta gaya masa sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Shekara takwas ina karanta bambancin mutum da dukiya," ya ce, "ashe majalisarmu ta riga ni saukewa." Ya numfasa. "Khalas, shi ke nan. Kada ki bari a kai wa Inna ni a akwati, Shafa. Inda na faɗi a rufe ni. Littattafan dai su tafi, tunda su an yarda da su."

Abokan karatunsa sun bazama neman taimako, amma ciwon ya fi su sauri. Ranar Talata da hantsi ya cika, kafin la'asar an rufe shi a ƙasar Masar. Inna ba ta iya magana a waya ba. Ƙanwarsa ce ta isar da saƙonta, wai a sa mata hularsa a cikin kayan.

Habila ya zo Abbasiya da kansa don cika takardar jigila. Ya ga hular a saman katan na shida, ya kau da kai, ya rubuta littattafai. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya: ranar da mai kaya zai biyo baya. Ya ɗan tsaya da biro a hannu, ya tsallake layin, ya buga hatimi.

Bayan kwana uku littattafan suka tashi, suka sauka lafiya. Motar gwamnati ta kai su har ƙofar gidan Inna, a kan titin da aka fara zuba wa kwalta.